Ɗaukar Hoton Dawaki a Hasken Yammacin Bazarar Ayislan: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan dawowa daga bakin masu ɗaukar hoto da suke shirin zuwa ƙuryar arewacin Turai a watannin Yuni da Yuli, musamman Ayislan, domin su ɗauki dawaki a cikin shimfiɗar ƙasa da hasken yamma. Kalmar bazara a nan tana nufin lokacin ɗumi na can, wanda ta fuskar koren ciyawa ya fi kama da daminarmu.

1. Me ya sa ake zuzuta hasken yammacin bazara na ƙasashen arewa, alhali ko'ina rana tana faɗuwa?

Gaskiya ne ko'ina rana tana faɗuwa, kuma ko'ina haskenta yana yin taushi idan ta sunkuyo, domin a lokacin yana ratso iska mai kauri kafin ya iso ido, iskar ta watsar da shuɗin da ke cikinsa ta bar rawaya da ja. Haske ne da ke zuwa daga gefe, saboda haka yana fito da tudu da kwari na ƙasa, yana kuma fito da jijiyoyi da naman jikin doki waɗanda rana tsaka take shafewa. Bambancin yana ga tsawon lokacin da hasken yake yi.

A Kano ko Damagaram rana tana sauka ne a miƙe kamar guga a rijiya, ta yadda daga sa'ar da haskenta ya yi kyau zuwa faɗuwarta da ƙyar ake samun rabin awa. A Reykjavík, babban birnin Ayislan, wanda yake kan digiri 64 arewa, rana ba ta faɗowa haka, sai dai ta riƙa jan ciki a karkace tana bin mahaɗar sama da ƙasa. Ko bayan ta ɓace, a tsakiyar bazara ba ta yin nisan da ya kai digiri uku ƙarƙashin ƙasa, don haka duhu ba ya shiga, shafaƙin almuru ne yake zarcewa har ya haɗe da alfijir.

2. Da ƙarfe nawa ya kamata in fita, kuma da ƙarfe nawa zan tattara kayana?

A ranar 21 ga Yuni rana tana faɗuwa a Reykjavík 'yan mintuna bayan ƙarfe 12 na dare, ta sake fitowa gab da ƙarfe 3. A Akureyri da ke arewacin ƙasar, ɓoyuwarta ba ta kai awa ɗaya ba, a tsibirin Grímsey kuwa, wanda da'irar Arktik ta ratsa, wato layin taswira da ke zagaye ƙuryar arewacin duniya, akwai kwanakin da ba ta faɗuwa sam. Hasken yana fara laushi tun wajen ƙarfe 9 na dare, ya yi zinariya sosai daga ƙarfe 10, sannan ya ci gaba da sauya launi har kusan ƙarfe 5 na asuba. A lura cewa agogon Ayislan yana gaba da ranarta, shi ya sa tsakiyar dare na haƙiƙa yake zuwa wajen ƙarfe ɗaya da rabi.

Wanda ya koyi aiki a ƙasar da magariba take zuwa da gaggawa yana tafiya can da gaggawar a jikinsa, kuma ita ce take cutar da shi. A darena na farko a wani kwari na arewa na yi ta ɗauka ba ƙaƙƙautawa na minti ashirin, na rufe jaka wajen ƙarfe goma da rabi da tunanin abin ya ƙare. Ina cikin mota ina komawa masauki na ga hasken ya sauko ƙasa-ƙasa ya kama ƙafafun dawakin da na baro, hazo siriri ya taso daga rafi ya tsaya musu daidai gwiwa, ni kuma na riga na yi nisa. Tun daga ranar nake yin shiri na kwana a waje, ba na fitar yamma ba.

3. Ta wace nahiya ranar take faɗuwa?

Ba ta yamma ba, kuma wannan yana rikita mutane da yawa. A tsakiyar bazara rana tana faɗuwa ne can kusa da arewa, ta ɗan karkata yamma, sannan ta fito kusa da arewa ta ɗan karkata gabas. Ma'anar wannan ita ce makiyayar da ke da dogon dutse a arewacinta za ta shiga inuwa tun da wuri, yayin da kwarin da bakinsa ya buɗe zuwa tekun arewa zai riƙe haske har ƙarshe. Kafin ka zaɓi wurin tsayawa, duba abin da ke arewa da kai.

4. Wane wata ne ya fi dacewa?

Daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Yuli ne hasken ya fi daɗewa, kuma lokacin ya dace da abubuwa biyu masu amfani ga hoto. Na farko, yawancin goɗiyoyi suna haihuwa a Mayu da Yuni, don haka za a ga dukusai ƙanana suna bin iyayensu. Na biyu, dawakin sun riga sun zubar da gashin sanyi mai kauri, jikinsu ya yi sumul yana ɗaukar haske. A wannan lokaci ne kuma furen lufin mai launin shunayya yake rufe gefen hanyoyi da gangaren tsaunuka. An kawo shi daga Alaska a 1945 domin ya riƙe ƙasar da iska ke kwashewa, ya bazu har ya zama abin jayayya tsakanin 'yan ƙasar saboda yana danne tsirran asali, amma a hoto yana ba da launi mai kyau a gaban doki mai duhu.

Zuwa tsakiyar Agusta rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 10 na dare, duhu na gaske ya dawo. Hasken bai lalace ba, ya dai gajarta, kuma ga wanda ba ya iya jure rashin barci wannan lokacin ya fi sauƙi.

5. Wane irin doki ne na Ayislan, kuma me ya kamata mai hoto ya sani game da shi?

Doki ne gajere kakkaura, tsayinsa a kafaɗa yakan kama tsakanin santimita 132 da 142, yana da geza mai yawa da wutsiya mai kauri. Bahaushe zai iya kiransa kuru a ganin farko, amma 'yan ƙasar doki suke ce masa, kuma yana ɗaukar babban mutum ya yi doguwar tafiya da shi. Mutanen da suka fara zama a tsibirin, a ƙarni na 9 da na 10, su suka zo da kakanninsa cikin jiragen ruwa. Doka ta hana shigo da wani doki ƙasar, kuma wanda aka fitar ba ya dawowa har abada, ko da gasa kawai ya je.

Abu biyu ne a jikinsa suka shafi aikinmu kai tsaye. Gezar nan mai yawa ita ce take kama haske idan rana tana bayansa, kamar yadda amsa ta 11 ta yi bayani. Sai kuma yawan launuka, domin a garke ɗaya za ka ga akawal da kili da gunya da danda, kowanne da irin hasken da yake buƙata. Bayan tafiya da sassarfa da sukuwa da kowane doki yake yi, yana da wasu tafiyoyi biyu na kansa: tölt, wadda sauri ce mai santsi da ba ta jijjiga mahayi, da skeið, inda ƙafafun gefe ɗaya suke tafiya tare cikin matsanancin gudu.

6. A ina ake samun su? Dawakin daji ne?

Babu dokin daji a Ayislan, kowane doki da ka gani yana da mai shi, ko da kuwa ka same shi can cikin tsaunuka babu gida kusa. Da yawa ana sakin su ne da bazara su yi kiwo a tudu, a tattaro su da kaka. Taron tattarowar da ya fi shahara shi ne Laufskálarétt a kwarin Hjaltadalur, a ƙarshen Satumba, wanda ya wuce lokacin hasken da muke magana a kai.

Ana ganin dawaki kusan ko'ina a gefen babbar hanya mai lamba 1 da ta zagaye ƙasar, amma yankin Skagafjörður a arewa shi ne aka fi sani da kiwonsu, kuma a can ne makarantar Hólar take koyar da ilimin doki da hawa. A ganina ya fi ko'ina dacewa da wannan aiki, domin kwari ne mai faɗi da bakinsa ya kalli arewa, wanda shi ne sharaɗin da aka ambata a amsa ta 3. Masu son sanannen dutse a bayan doki sukan nufi Kirkjufell a yankin Snæfellsnes ko Vestrahorn a kudu maso gabas, sai dai wuraren suna cika da baƙi, kuma ba kullum ake dace da doki a inda ake so ba.

7. Zan iya tsallaka shinge in shiga makiyaya?

Kada ka tsallaka sai da izinin mai gonar. Makiyaya dukiyar mutum ce, gonar ciyawar da ake yanka domin abincin hunturu kuwa taka ta ɓarna ce. Shingaye da yawa suna ɗauke da wutar lantarki, sannan garken da ke da ingarma ko goɗiya mai sabon ɗa ba wurin da baƙo zai kutsa ba ne. Abin da ya fi shi ne ka je gidan gonar da rana, ka gabatar da kanka, ka faɗi sa'ar da kake son dawowa, domin motar da ta tsaya kusa da dabbobin mutum da ƙarfe ɗaya na dare abin tayar da hankali ce ko da gari yana da haske. Idan aka ba ka izini ka rufe kowace ƙofa yadda ka same ta, kuma ka aika musu da hoto daga baya.

Akwai kuma maganar mota. Hanyoyin ƙasar ƙanana ne, galibi ba su da gefen tsayawa, kuma tsayawa a kan titi domin an hango doki yana jawo haɗari. A nemi wurin da aka keɓe, a dawo da ƙafa. Tuƙi a wajen hanya laifi ne da ake cin tara a kansa, saboda gansakukar da ke rufe duwatsun tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta farfaɗo daga sawun taya.

8. Na ji ana binciken kayan wanda ya taɓa dawaki a wata ƙasa. Ya shafi mai ɗaukar hoto?

Ya shafe shi ƙwarai. Dawakin Ayislan sun yi ɗaruruwan shekaru a keɓe, ba a yi musu rigakafin cututtukan da suka zama ruwan dare a wasu ƙasashe, don haka ƙwayar cutar da ba ta kayar da doki a wani wuri tana iya bazuwa a cikinsu. A 2010 wani tari mai yaɗuwa ya kama dawakin ƙasar har aka ɗage Landsmót, babbar gasar dawakinsu da aka fara a Þingvellir a 1950. Dokar ƙasar ta hana shigo da tsohon sirdi da linzami da safar hannu ta hawa, kuma ta wajabta wankewa da kashe ƙwayoyin cuta a tufafi da takalman da aka yi hawa da su.

Wanda ya saba ɗaukar hawan salla ko shiga barga da kyamararsa ya ɗauki wannan da muhimmanci. Takalmin da ya taka barga, da jakar da aka ajiye a gindin turke, da igiyar rataya kyamara, duk a tsabtace su kafin tafiya, ko a bar su a gida.

9. Wane gilashin kyamara zan ɗauka?

Idan ɗaya kawai za ka ɗauka, ɗauki mai zuƙowa daga milimita 70 zuwa 200. Yana ba ka damar tsayawa nesa ba tare da ka dami garken ba, yana jawo tsaunin da ke can baya ya matso har ya yi girma a bayan doki, kuma yana barin jikin dabbar da daidaiton da Allah ya halicce ta. Gilashi mai faɗin gani, irin na milimita 16 zuwa 24, yana kumbura kan dokin da ya matso ya ƙanƙantar da gindinsa, sannan ya mai da tsaunuka 'yan tsibi-tsibi. Yana da amfani idan sama ta yi kyau kuma dawakin suna can tsakiyar fili, amma ba shi ne na kullum ba.

Sanda mai ƙafa uku, wadda masu hoton shimfiɗar ƙasa ba sa rabuwa da ita, a nan takan zama kaya, domin doki ba ya jiran a daidaita ta. Wayar hannu tana iya yin hoto mai kyau kafin rana ta faɗi, amma idan haske ya ragu takan haɗa hotuna da yawa ta mai da su ɗaya, sai geza da wutsiya su fito a dame.

10. Yaya zan saita kyamarar?

Fara da saurin ƙiftawa, wato ɗan lokacin da kyamara take buɗewa ta karɓi haske, domin shi ne yake raba hoto mai kaifi da wanda ya girgiza. Dokin da ke tsaye yana kiwo yana buƙatar 1/250 zuwa 1/500 na daƙiƙa, saboda ko bai motsa ba iskar Ayislan tana kaɗa gezarsa. Mai gudu yana buƙatar 1/1000 ko fiye. Ƙofar haske kuwa, wato faɗin kafar da haske yake shiga ta cikin gilashi, ta dogara da abin da kake nema: f/8 zuwa f/11 idan kana son doki da tsauni su fito tare da kaifi, f/2.8 zuwa f/4 idan kana son bayan ya narke. ISO, wato ma'aunin yadda kyamara take ƙarfafa hasken da ta karɓa, shi ne za ka bari ya yi ta hawa yadda haske yake raguwa, kuma kada ka ji tsoron 1600 ko 3200 a kyamarorin zamani, domin ana iya rage ɗigo-ɗigon da yake jawowa a kwamfuta, hoton da ya girgiza kuwa ba shi da magani.

Saita ganin kyamarar a kan idon dokin da ya fi kusa, ka sa ta a yanayin bin abu mai motsi. Ka ɗauka da tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, saboda dalilin da za a gani a amsa ta 16. Dabarar ɗaukar hotuna uku masu bambancin haske a haɗa su daga baya ba ta cika aiki a nan ba, tunda kafin na uku dokin ya riga ya juya kai.

11. Idan rana tana bayan doki, ko dai ya fito baƙi ƙirin ko sama ta ƙone. Ina mafita?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace dawowa, kuma dalilin matsalar shi ne tazarar da ke tsakanin hasken sama da inuwar jikin doki ta fi abin da kyamara take iya riƙewa a lokaci ɗaya. Dole ka zaɓi abin da kake so. Idan siffar doki kawai kake nema a kan jar sama, auna hasken daga sama, ka bar dokin ya yi baƙi, amma ka jira har ƙafafunsa huɗu su rabu kuma kansa ya juya gefe, in ba haka ba dunƙule kawai za a gani. Idan kuwa zaren zinariyar nan da ke zagaye geza da baya kake so, to fitar da ranar daga cikin hoton, ka matsa har wani tsauni mai inuwa ya zama shi ne bayan dokin. A kan duhun tsaunin ne kowane silin gashi yake haskawa.

Launin dokin ma yana da nasa hukunci. Kili da gunya suna saurin ƙonewa a gefen da rana ta taɓa, don haka a rage haske da kashi ɗaya ko biyu cikin uku na mataki a ma'aunin hasken kyamara, a duba jadawalin haske na kyamara kada ya manne a dama, wanda alama ce ta ƙonewa. Akawal yana shanye haske, ya fi kyau idan rana ta zo masa daga gefe ta zana kafaɗa da cinya. Ja kuwa shi ne ya fi kowa morar wannan sa'a, har yakan yi kamar garwashi. Ka riƙa sa marufin da ke kare bakin gilashi daga rana, kuma ka goge shi da kyau, domin ƙura ko ɗigon ruwan teku ɗaya yana zama tabo babba idan an fuskanci haske.

12. Mene ne bambancin hoton doki da hoton shimfiɗar ƙasa mai doki a ciki?

A hoton doki, ƙasa labule ce kawai a bayansa. A hoton shimfiɗar ƙasa kuwa doki yana iya zama ƙarami ƙwarai, kashi ɗaya cikin ashirin na hoton ko ƙasa da haka, amma shi ne ma'aunin da ido yake gane girman kwarin da tsawon dutsen da shi, kuma shi ne abu mai rai da yake sa wurin ya zama mazauni ba kango ba. Wannan na biyun ya fi wuya, domin ƙasa da haske ba sa matsawa saboda kai, doki kuma ba ya karɓar umarni.

Hanyar da na ga tana aiki ita ce a fara tsara hoton kamar babu doki. Ka sami rafi ko layin tudu da zai ja ido, ka daidaita mahaɗar sama da ƙasa, ka tabbatar babu turken lantarki ko dunƙulen ciyawa da aka naɗe da farar leda, waɗanda suke cika gonaki daga ƙarshen Yuni. Sannan ka zauna ka jira garken ya shigo inda ka tanada masa. Dawaki masu kiwo suna tafiya a hankali ta fuska ɗaya, kuma idan ka lura da su na minti goma za ka iya hasashen inda za su kai nan da rabin awa. A ƙasar da haske yake ƙarewa cikin mintuna wannan jira ba zai yiwu ba, a nan kuwa akwai sa'o'i, kuma wannan ne ainihin ribar zuwa arewa.

Kula da ƙananan abubuwa uku. Kada layin mahaɗar sama da ƙasa ya yanke wuyan doki ko ya bi ta kan gadon bayansa, sunkuya ko ka hau tudu har ya koma sama da shi ko ƙasa. Kada dawaki biyu su haɗe har a ga jiki ɗaya da ƙafafu shida. Sannan ka bar fili a gaban fuskarsa fiye da bayansa. Durƙusawa har kyamara ta zo daidai ƙirjin doki yana ba shi kwarjini, wanda yake da amfani musamman ga doki gajere irin wannan.

13. Dawakin suna tahowa har su sa hanci a kyamarata. Yaya zan yi?

Haka halinsu yake, suna da son sanin abu kuma ba su da tsoron mutum sosai. Da zarar ka tsaya a bakin shinge za su taho su jeru, wani ya shinshina jakarka, wani ya ja zaren rigarka da leɓe, numfashinsu ya rufe gilashin da tururi. Kada ka kore su, kada kuma ka yi ta shafa su. Ka tsaya shiru, ka kau da ido, cikin minti goma ko sha biyar za su gane babu abin da ka zo da shi su koma kiwo, kuma daga nan ne aikinka yake farawa.

Kada ka ba su abinci ko kaɗan. Burodi da alewa suna iya ɓata musu ciki, kuma dokin da ya saba karɓa daga hannun baƙi yana koyon cizo da tunkarar hanya. Ka riƙa karanta kunnuwansu: idan sun miƙe gaba hankalinsa yana kanka, kuma a lokacin ne hoto ya fi kyau, idan kuwa ya kwantar da su baya to gargaɗi ne. Doki ba ya ganin abin da ke daidai bayansa, don haka kada ka biyo ta nan, kuma kada ka shiga tsakanin goɗiya da ɗanta.

14. Ina son hoton suna gudu. Zan iya sa su gudu?

A'a. Tsorata garke da ihu ko tafi domin hoto yana iya jefa dukushi cikin shinge ko rami. Idan ka yi haƙuri sukan yi gudun da kansu, musamman matasa idan iska ta yi sanyi da dare. Hanyar da ta fi tabbas ita ce ka shirya da wata gonar hawa, domin a tafiye-tafiyen kwanaki da suke yi da bazara sukan kora garken dawakin canji tare da mahaya, kuma za su gaya maka inda za su ratsa rafi. Domin nuna santsin tölt, gwada ƙiftawa a 1/30 zuwa 1/60 kana bin dokin da kyamara daidai saurinsa, sai mahayi ya fito da kaifi, ƙafafu da ƙasa su zama zane-zanen gudu. Yawancin hotunan za su lalace, 'yan kaɗan da suka tsira sun isa.

15. Idan gajimare ya rufe sama fa?

Zai rufe, sau da yawa ma, domin yanayin ƙasar yana sauyawa cikin awa ɗaya. Kada ka fasa fita saboda haka. Tunda rana tana ƙasa-ƙasa, takan sami kafa tsakanin gindin gajimare da teku ta haska ƙasa daga ƙarƙashi, kuma doki mai haske a gaban baƙin hadari ya fi na sama tangaran kyau. Ko a Yuli zafin rana bai cika wuce digiri 13 zuwa 15 ba, da dare kuma yana sauka ƙasa da 10 ga iska, saboda haka a tafi da rigar ruwa da safar hannu da batir na biyu a aljihun ciki. A kusa da tafkin Mývatn ƙananan ƙwari suna taruwa da yawa idan iska ta kwanta, ana buƙatar ragar rufe fuska.

16. Me ya sa launin zinariyar da na gani da ido ba ya fitowa a hoton?

Kyamarar ce take gyara shi da kanta, domin idan aka bar ta ta daidaita launi sai ta ɗauki rawayar a matsayin kuskure ta sanyaya ta. Ka sa ta a saitin hasken rana, wajen 5500 a ma'aunin launin haske na Kelvin, ko ka gyara daga baya idan da RAW ka ɗauka. Bayan rana ta ɓace launin yana komawa shuɗi da ruwan hoda, kuma ina ba da shawarar a bar shi haka, kada a tilasta masa zama zinariya. Wajen gyara a kwamfuta, ɗaga inuwar jikin doki kaɗan ya halatta, amma idan aka wuce gona da iri sai ya fito kamar an liƙa shi, ciyawa kuma ta koma koren fenti. Ɗauko doki daga wani hoto a dasa shi a gaban wani dutse zane ne, kuma wanda ya yi haka ya faɗa idan zai nuna.

17. Jirgi marar matuƙi fa?

Ƙararsa tana firgita dawaki, kuma garken da ya firgita yana gudu ba tare da duba gabansa ba, kamar yadda aka faɗa a amsa ta 14. Kada a tashe shi a kan dabbobi sai mai su ya yarda kuma yana wurin. Ƙa'idar tsayi ita ce kada ya wuce mita 120, kuma wuraren da aka keɓe domin kare halittu suna da nasu sharuɗɗan izini da ya kamata a bincika kafin tafiya.

18. Yaya ake yi da barci da salla idan dare ba ya yin duhu?

Wanda zai yi aiki daga ƙarfe 9 na dare zuwa 4 na asuba dole ya juya kwanansa, ya yi barci da hantsi da labule mai kauri ko abin rufe ido, kuma kada ya yi doguwar tuƙi bayan ya kwana a tsaye, domin hasken yana ɓoye wa mutum gajiyarsa. Game da salla, a yawancin Ayislan rana tana faɗuwa, don haka magariba tana da lokacinta, amma shafaƙi ba ya gushewa, wanda ya sa alamar isha da ta asuba ba sa bayyana yadda aka saba. Malamai sun yi fatawoyi kan ƙaddara lokaci a irin waɗannan ƙasashe, kuma Musulmin Reykjavík suna da jadawalin da suke bi. A tambayi malami kafin tafiya, a kuma nemi jadawalin idan an isa.

19. Sai a Ayislan kaɗai ake samun wannan?

A'a. A tsibiran Shetland da ke arewacin Sikotilan, kan digiri 60, ƙananan dawakinsu suna kiwo a fili har bakin teku, kuma mutanen wurin suna kiran wannan almuru marar ƙarewa simmer dim. A Norwe akwai dokin Fjord mai launin ƙasa-ƙasa, wanda ake aske gezarsa ta tsaya a miƙe da baƙin layi a tsakiya, kuma a tsibiran Lofoten rana ba ta faɗuwa daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli. Abin da aka faɗa kan nahiyar rana a amsa ta 3 da kan saiti a ta 10 da ta 11 yana aiki a duk waɗannan wurare, sai dai a Shetland sa'o'in hasken sun fi gajarta, a Lofoten kuma tsaunuka suna da tsayi da tsini, don haka sai an nemi gaɓar da ta kalli arewa kafin a sami rana a kan makiyaya da tsakar dare.